Abin Wuyan Gaishita

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama kowa ya ɗauki nasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba sai kun amsa mini ba.

Tun da na dawo daga Gabas mata ke sallama a gidan nan. Su sha zamzam, su ci dabino, su gyara zama, su ce Hajiya yaya can ɗin take. In ce lafiya lau. Su ce a'a, a ba su labari. Na ba da shi guntu-guntu har bakina ya gaji. Waɗanda suka fara tambaya da yawa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu sun ɗora daga inda suka tsaya. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin salla. Shi ya sa na zaunar da jikata da alƙalami, abin da na faɗa ta sa a takarda, wanda ya sake tambaya a miƙa masa.

Mun tashi daga Magarya bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, ni da ƙanena Idi. Shi ne muharramina, don maigidana ya rasu. Idi mutum ne mai tsoron Allah, irin tsoron da yakan wahalar da na kusa da shi. Ta ƙasa muka bi kamar iyayenmu, sai dai su da jaki, mu da mota. A Jidda akwai Rabi, 'yar yayana, wadda ta tafi hajji da mijinta tun tana amarya ba su dawo ba. Wurinta muka nufa.

A tashar Maiduguri na fara ganin Gaishita. Muna jiran babbar mota ta cika, sai ga wata Buzuwa doguwa, tsohuwa kamata, ta zauna a kan jakar fata ita kaɗai, ta miƙe wuya kamar tashar tata ce ta ba mu aro. Ba ta roƙi kowa komai ba. Na dama fura na miƙa mata, ta dubi sama, ta ce ta ƙoshi. Na ajiye ƙwaryar kusa da ita na juya baya ina gyara kaya. Da na waiwayo ƙwaryar ta bushe, ita kuma tana duban sama. Daga nan muka zama abokan tafiya.

Hausarta kaɗan ce, kuma ko kaɗan ɗin ba ta kashewa a banza. A hankali na tsinci labarinta. Daga duwatsun Azbin take. Fari ya kashe raƙuma, ya kashe awaki, mijin ya bi su. 'Yarta ɗaya tana gidan miji. Ta ce tunda babu sauran abin da za ta tsare, gara ta je ta ga ɗakin Allah.

Dukiyarta uku ce: butar shayi, wani ɗan faffaɗan dutse da take taimama a kansa, da abin wuya na azurfa. Kun san irinsa, wanda Buzaye ke kawowa kasuwa. Zobe ne a sama, ƙasansa ya buɗe hannuwa uku, dama da hagu da ƙasa, kowanne da ɗan kai a ƙarshe. Mu abin wuyan Buzaye muke ce masa. Ita ta ce sunansa tanagilt. Nata ya sha hannu har zanen jikinsa ya fara shafewa. Na uwarta ne, uwar kuma ta gada.

Direbanmu ya taɓa yin hanyar Agadas, don haka ya san komai. Ya ce uba ne ke ba ɗansa wannan abu in ya balaga, ya ce masa ga kusurwoyin duniya huɗu nan na ba ka, don ba ka san inda za ka mutu ba. Mutanen mota suka yi ta jinjina kai. Na tambayi Gaishita ko haka ne. Ta ce ubanta raƙumi ya ba 'ya'yansa maza, raƙumi kuma ya fi azurfa sanin kusurwa. Ta ce a wuyan mata ta taso tana ganinsa.

Muka ƙetare kogi muka shiga Fallomi, babban birnin Cadi, wadda aka sake wa suna amma ba wanda ya sanar da tsofaffi. A bakin iyaka sojoji suka sauke mu, suka jera mu a rana, suka hau kwance kaya. An zazzage buhun Idi har daddawata ta mirgina cikin ƙasa. Da aka zo kan Gaishita, sojan, wani baƙi ƙato daga kudancin ƙasar, ya dubi wuyanta ya tsaya. Ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da nasa, ɗan gicciye na Nasara, ya nuna mata yana murmushi. Ya kai ta inuwa, ya ba ta kujerarsa, ya kawo ruwan randa. Ta nuna ni, ni ma aka kai ni inuwa. Ba a taɓa kayanta ba. Ta karɓi na sojan ta juya shi gaba da baya, ta mayar masa, ta ce da ni in gaya masa maƙerinsa ya cuce shi, bai sa masa zobe ba, bai yi masa zane ba. Ban gaya masa ba. Idi yana rana yana kallon ƙafafunsa, yana istigfari.

Daga nan hanya ce mai tsawo, mota ta kafe a yashi mu sauka, maza su tura, mu hau. Tuwon mutanen Cadi kamar namu ne, sai dai miyar kuɓewarsu ta fi tamu santsi, lomar tana wucewa ba ta tsaya ta gaisa da harshe ba. Shayinsu kuwa sukari ne aka ɗan jiƙa.

A Jinaina, garin farko na Sudan, muka sauka a zangon Hausawa. Mutanenmu ne da suka taso hajji tun zamanin kakanni, suka tsaya hutawa, har yau suna hutawa. Sun yi gonaki, sun aurar da jikoki, in ka tambaye su sai su ce suna kan hanya. Can na fara cin kisira, wani abu shimfiɗaɗɗe mai tsami, sirantarsa kamar ganyen albasa. Na ci, na ci, na tambayi matar gidan yaushe za a kawo abincin.

Malamin zangon ya ga abin wuyan, ya ce siffar wasu taurari ce da ayari ke bi a hamada. Gaishita ta ce taurari suna sama, kowa yana gani, ba ta ga dalilin rataya su ba. Matar gidan ta ce ai maganin kambun baka ne da mugun ido. Gaishita ta ce da yana tsare abu, da awakinta suna nan.

A Niyala muka hau jirgin ƙasa. Na ciki sun cika, na kan rufi sun fi na ciki yawa, kuma jirgin yana tafiya kamar mai bin gawa. Wani saurayi ɗan makaranta, mai ladabi, ya ba ni wurin zamansa. Shi ya ce ya karanta cewa tun kafin Musulunci ya iso hamada akwai Nasara a can, wataƙila daga wurinsu siffar ta samo asali, amma masana ba su daidaita ba. Idi ya ji wannan, ya matsa da buzun sallarsa gaba kaɗan. Gaishita ta ce kakarta ba ta taɓa ambaton haka ba, kuma ba mace ce mai ɓoye magana ba.

Da na ga kowa ya faɗi nasa, sai na matsa mata ni da ita, na ce to ke gaya mini ma'anarsa. Sai ta ba ni labarin yadda ake yin sa. Maƙeri yakan siffanta shi da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya sa a wuta har kakin ya narke ya tsiyaye. Ya narka tsoffin riyalolin azurfa ya zuba a gurbin. In ya huce, dole ya fasa yumɓun kafin ya fito da shi, don haka ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Na ce wannan yadda ake yi ne, ni ma'ana na tambaya. Ta ce to ita iyakar abin da aka gaya mata ke nan.

A bakin teku aka tsare mu a wani fili, aka yi mana allura, aka ce kowa ya fito da takardarsa. Ni da Idi muna da tamu. Gaishita ba ta taɓa mallakar takarda ba, ba ta kuma ga abin da ya sa za ta fara da tsufanta ba. Wani mutumin Bagirmi mai kirki, wanda uwarsa ta rasu a hanya, ya ce ta shiga gurbin uwar. Haka ta hau jirgin ruwa a matsayin uwar mutumin da ba ta san sunansa ba.

Teku ban ga komai a cikinta ba sai cikin bokiti, don kaina yana ciki har muka iso. Abu ɗaya na gani. Ruwa gaba, ruwa baya, famfo a cikin jirgi, Gaishita ta fito da dutsenta ta yi taimama. Na ce baiwar Allah ga ruwa. Ta ce ruwa na sha ne, ita ba za ta zuba wa ƙafa abin da ta ga yaro ya mutu yana nema ba. Na ce malamai ba za su yarda ba. Ta ce malaman ba su zo Azbin bara ba.

Muka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Mutumin Bagirmi ya yi mana sallama, ya wuce Madina da takardarsa, da uwarsa a rubuce a ciki. Rabi ta tarye mu, ta yi ƙiba, ta yi haƙorin Makka, Hausarta ta cika da Larabci. Kafin ta gama gaishe ni idonta ya faɗa wuyan Gaishita.

"La ila, Goggo, wannan mushkila ne. Ta tura shi cikin riga, yalla, tun kafin a gani. Nan ba gida ba ne."

Gaishita ta tura shi cikin riga. Ranar ce kaɗai na ga wuyanta ya sunkuya.

Ruwais, inda su Rabi suke zaune, unguwa ce kusa da teku. Ɗakin su Rabi na katako ne da kwano, a bayan gidan wani Balarabe, shi ne ya ba su haya. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana gasawa, nasu dafawa yake yi. Da safe burodi ne mai faɗi da dafaffen wake an kwarara masa mai, da rana shinkafa a faranti ɗaya kowa ya sa hannu. Maza ke zuwa kasuwa su sayo har albasa, mata suna ɗaki. Ba a shiga gidan maƙwabta haka kawai a ɗebo wuta. Mutanenmu kuwa, mata suna wanki da suyar ƙosai, maza suna dako, kuma yawancinsu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Rabi da mijinta ma ba su da ita. In aka ji ƙarar mota a bakin lungu sai hira ta tsaya.

Lokacin hajji da saura, muka ce mu huta kafin mu wuce Makka. Gaishita ta sauko daga jirgi da zazzaɓi, ta ce ba komai. Ba ta zuwa wurin tulu alwala. In lokacin salla ya yi sai ta ɗauki dutsenta ta zagaya bayan ɗaki, tsakanin katanga da tankin ruwa, don a daji ta saba, ba ta salla inda ake hayaniya. Ni kaɗai nake bin ta, don in riƙe ta in jiri ya ɗebe ta.

Ana nan, wata safiya bayan rana ta fito, ta ce in ɗora kanta a cinyata. Ta tambaye ni ko Makka da nisa. Na ce kusa ce, mota ce kawai. Ta ce to. Ta yi kalmar shahada da bakinta, ban laƙƙana mata ba, ta cika.

Matar mai gidan, Balarabiya mai kirki, ta ji kuka, ta shigo da kafur da garin ganyen magarya ta taya mu wanka. Muka yaye riga. Ta ga abin wuyan. Ta ja da baya har ta taka kwano, ta ce salib, wato gicciyen Nasara. Ta tattara kafur ɗinta ta fita. Kafin mu rufe gawar magana ta kai wurin umda, shi ne mai unguwarsu, kuma ba a binne kowa sai da takardarsa.

Muka je ni da Idi da Rabi, ita ce tafinta. Umda tsoho ne, yana zaune a kan dogon benci yana shan shayi. Bai yi faɗa ba. Ya jera abin da aka kawo masa: mace ba takarda, ba dangi, ba wanda ya taɓa ganin ta yi alwala, ga gicciye a wuya, kuma a ɓoye cikin riga. Na ce na ga sallarta tun daga Barno, a cinyata ta yi shahada. Ya ce ya ji, amma ni mace ɗaya ce kuma baƙuwa, yana son namiji ya tsaya. Ya juya wurin Idi.

Idi ya ce shi tun da muka taso bai taɓa ɗaga ido ya dubi matar da ba muharramarsa ba. Bai ga sallarta ba, bai ga rashin sallarta ba, kuma ba zai fara ƙarya a ƙasa mai tsarki ba. Na dube shi. Uwa ɗaya ta haife mu, ban taɓa jin nauyin hakan kamar ranar ba.

Umda ya ce to, a kawo masa namijin da ya san ta ko ya san mutanenta kafin rana ta faɗi, don gawa ba ta jira a wannan zafi. In ba a samu ba, dole ya sanar da hukuma. Za a kai ta ɗakin sanyi na asibiti, daga nan inda za a sa ta ba ya hannunsa. Ya ce akwai maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba a garin.

Muka koma. Mijin Rabi ya sayo ƙanƙara aka jera mata. Mazan lungun duk suka tuna suna da aiki a nesa, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da 'ya'yansa. Rabi ta ce a jefa abin a teku a ce ba a gan shi ba. Na ce an riga an gan shi.

Ba ni da Larabcin tambaya, ban san kowa ba. Abin da nake da shi ke nan. Na ɗauke shi na rataya a wuyana, a kan mayafi, inda makaho ne kaɗai ba zai gani ba.

"Goggo, wallahi za a jefe ki."

"In an jefe ni, ku nemo mini namiji mai shaida. Kada ku kira Idi."

Na fita da tsakar rana. Na bi kasuwa layi-layi, ina tafiya a hankali, ina tsayawa inda na ga baƙaƙen mutane. Wani mai kanti ya yi a'uzubillahi ya juya fuska. Yara suka bi ni suka gaji. Wasu Hausawa suka ce Inna rufa mana asiri ki cire. Na tambaye su ko sun san Buzu a garin nan, suka ce Buzayen Jidda duk sun kwance rawani don kada a gane su, sai dai in gwada wajen 'yan dako a tashar jiragen ruwa.

Na isa can ƙafafuna sun kumbura. 'Yan dako suna gindin katanga suna cin abinci a faranti ɗaya. Guda ɗaya ya ware, ya ba su baya, yana kai loma yana kare bakinsa da hannu. Kansa tsumma ne kawai, amma na san masu jin kunyar a ga bakinsu. Na zagaya na tsaya a gabansa. Ya ɗago. Bai dubi fuskata ba, wuyana ya duba. Ya ajiye lomar.

"Inna, wannan ba naki ba ne. Ina mai shi?"

"Tana kwance tana jiran ka."

Sunansa Agali, mutumin Azbin. Na gaya masa komai a tsaye, har da cewa gaban umda za a je. Na tambaye shi ko yana da iƙama. Ya ce yana da mata da 'ya'ya a bayan tasha, iƙama ce dai babu. Ya dubi jiragen. Sannan ya ce in jira shi. Na zaci ya gudu. Sai ga shi ya dawo da baƙin rawani mai sheƙi, ya naɗa shi tsaf, ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Na ce ɗana, da wannan ai daga nesa za a san kai baƙo ne. Ya ce ba zai tsaya wa macen Azbin da baki a buɗe ba.

Muka iso wurin umda inuwa ta yi tsawo. Mutane sun taru. Agali yana jin Larabci, Rabi tana raɗa mini abin da ake cewa. Umda ya karɓi abin wuyan da gefen mayafinsa, ya tambayi ma'anarsa. Agali ya ce bai sani ba. Wasu sun ce siffar gaban sirdin raƙumi ce, inda mahayi ke dafawa, wasu sun ce wani abu daban, uwarsa kuma ta ce ado ne. Abin da ya sani, gari-gari da irin nasu, na Agadas daban, na Ingal daban, na Damagaram daban, har wasu garuruwan ma sai da Turawa suka fara saye maƙera suka ƙago musu. Wannan kuwa tsoho ne, na Timiya, garin da ke bayan dutsensu. Shi ya sa da ya hango shi a wuyan Bahaushiya ya san wani abu ya sami mai shi.

Umda ya ce, "Ka ga ta yi salla?"

"Ban taɓa ganin ta ba, da rai ko a mace."

"To me ka zo shaida?"

"Uwata tana da irinsa. Da shi a wuyanta ta haife ni, da shi a wuyanta ta koya mini Fatiha. In wannan ba za ta shiga maƙabartar Musulmi ba, ka gaya mini uwata ma ba za ta shiga ba, in ji da kunnena, in koma bakin aikina."

Umda ya daɗe yana duban rawanin. Ya ƙarasa shayinsa. Ya tambayi sunan Agali da sunan ubansa. Kowa a wurin ya san tambayar da ke biye, ta iƙama, har Rabi ta kama hannuna. Bai yi ta ba. Ya ce halas, wato shi ke nan, ya sa hannu, ya ce a gaggauta.

Matar mai gida ta dawo da kafur ɗinta, muka wanke Gaishita tare, tana kuka tana magana da ita da Larabci. Umda da kansa ya tsaya a sahu. Mazan lungun suka dawo daga aikinsu na nesa. Idi ya kama makara ta gaba, tunda yanzu a rufe take. Aka sa ta kafin a kira magariba, tsakanin Musulmi, tana fuskantar garin da ba ta kai ba. Bayan na sauke farali na, na yi mata umra.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Idi ya dawo ya yi limanci a unguwarmu har ya rasu, ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Rabi tana can, jikokinta suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Umda da matar mai gida na ji sun rasu, Allah ya jiƙansu. Mutumin Bagirmi ban san yadda ya yi bayanin uwarsa a hanyar komawa ba.

Agali bai sake kwance rawaninsa ba. Matarsa ta yi magana, abokan aikinsa suka yi, ya ce ya riga ya naɗa. Kafin mu sauko daga Arfa aka kama shi a bakin tasha, aka sa shi a jirgi. Iyalinsa sai daga baya suka bi shi. An ce ya zauna a Agadas yana gadin wani kanti, rayuwa ba ta yi masa sauƙi ba. Ban sake ganin sa ba.

Abin wuyan kuwa, ranar jana'iza na miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce na 'yarta ne. Na kawo shi gida a ƙulle a bakin zanena. Da kaka ta yi, ayarin Azbinawa suka sauko da gishiri da dabino neman gero, na bi su zango-zango har na sami mutanen Timiya. Na ba madugunsu, na gaya masa inda aka binne ta da wanda ya tsaya mata. Ya karɓa ya sa a aljihu.

Da kaka ta zagayo madugun ya yi sallama a ƙofar gidan nan. Na tambaye shi abin da 'yar ta ce. Ya ce ba ta ce komai ba, ta rataya shi. Sannan ya kwance wani ƙunshi ya ajiye a gabana. Cuku ne, na awakin da ta fara tarawa.